Taku Goma Sha Huɗu

Talata, ƙarfe shida da rabi na yamma

Na dawo gida da rigar aiki a jikina, abin da na yi shekara biyar ina hana mutane. Sai da na zo buɗe ƙofa na ga takalmin roba a ƙafata.

Baba Dogo ne. Wajen sha ɗaya saura yana wanke babban tankin ɗakin haɗi, wanda ake dama maganin tari a ciki, sai tiyon ruwan soda, mai ƙunar nan da ake haɗa sabulu da ita, ya fizge ya watsa masa a fuska. Idanun duka biyu. Ban ga faruwar abin ba, ina ofis ina buga sanarwa a kan yadda ake ɗaga kwali ba tare da an ji ciwon baya ba. Ihu na ji. Ban taɓa sanin muryarsa na iya fita haka ba, mutumin da ko gaisuwa sai ka matso kake jin sa.

Kafin in isa, abokan aikinsa sun ja shi zuwa famfon banɗaki, can ƙarshen baranda. Minti huɗu, in ji su. Ni ce nake koya musu cewa idon da soda ta shiga ba ya jiran daƙiƙa goma.

Ni ce jami'ar kiyaye haɗari ta wannan kamfani. Na rubuta ne don in gan shi a rubuce.

An tafi da shi asibiti. Da aka tashi na koma ɗakin haɗi ni kaɗai, na yi abin da na yi, na fito.

Laraba, bakwai da kwata na safe

A bakin ƙofar kamfani akwai koren allo da ke nuna kwanakin da muka yi ba tare da haɗari ba. Lambobin na ƙarfe ne, a ƙugiya ake rataya su, kuma ni ke canza su kowace safiya. Jiya ɗari shida da goma sha biyu ne.

Na zo da sifili a hannuna. Manaja ya fito daga mota ya ce, "Malama, me za ki yi?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, allon zan gyara."

Ya ce, "Wa ya ce miki haɗari ne? An gama bincike ne? Sai rahoto ya fito mu san ko haɗari ne ko sakacin mutum. Ƙara ɗaya."

Na ƙara ɗaya. Mai gadi da ke kallona ya kau da kai, ya shiga gyaran igiyar ƙofa da ba abin da ya same ta.

Laraba, ɗaya da rabi na rana

Teburin cin abinci na mutum takwas ne. Ni kaɗai na ci a kansa.

Alhamis, biyar na yamma

Sa-hularka suke kirana a bayan idona, wai ba ni da wata gaisuwa sai wannan, a sa hular kariya. Na daɗe da sani, ban damu ba. Wanda aikinsa hana mutane abin da suke so ai ba ya sa ran a yi masa tafi. Baba Dogo kaɗai ke faɗa min a gabana, yana dariya. "Sa-hularka, an tashi lafiya?" Ni kuma in ce, "Lafiya lau, Baba, sa hularka." Kullum haka, shekara biyar.

Yau manaja ya tara mu a ɗakin haɗi. A jikin bangon gabas akwai famfon wanke ido, ɗan kwano ne na ƙarfe mai baki biyu, in ka danna mariƙinsa ruwa ya taso sama ya shiga idanu. Don irin ranar Talata aka kafa shi. Manaja ya danna, ruwa ya taso fari tas har yana jiƙa masa hannun riga.

Ya juyo ya ce, "To, wa ya ce babu ruwa?"

Mai Rediyo ya ce, "Ni na ce." Shi ne abokin aikin Baba Dogo a tanki, wanda ba ya rabo da ɗan rediyo a aljihu ko da na hana. Ya ce, "Yallaɓai, da hannuna na danna, sau uku. Ko ɗigo bai zo ba."

Manaja ya ce, "Ruɗewa ka yi." Sai ya ciro katin da ke rataye a jikin famfon ya ɗaga. Duk Litinin akwai sa hannuna, an duba, ruwa na zuwa. Ya ce, "Ko Malama ma ƙarya take yi?"

Kowa ya kalle ni. Na kalli katin. Rubutuna yana da kyau, tun ina makaranta ake faɗa.

Juma'a, huɗu da rabi na yamma

Na je asibiti da lemo a leda. Na tarar da matar Baba Dogo a bencin baranda, tsohuwa 'yar siririya, ta riƙe takalmansa a cinya. Da na faɗa mata ko ni wace ce sai ta saki fuska.

Ta ce, "Au, ke ce ta hular? Kullum sai ya yi labarinki. Ya ce kin fi kowa faɗa, kin fi kowa gaskiya."

Na ce, "Mama, ya jikin nasa?"

Ta ce an naɗe idanun, likita ya ce sai nan da sati uku za a san abin da ya rage. Ta ce in shiga mana, idonsa biyu. Sai ta ji abin da ta faɗa, ta sunkuya tana gyara takalman a cinyarta.

Na ce ina sauri. Na ajiye mata lemon na fito, na tsaya a bakin titi motoci uku suka wuce ni ban tsayar da ko ɗaya ba.

Asabar, goma na safe

Umma ta kira. Ta ce muryata ba daidai take ba. Na ce mura ce. Ta ce, "Murar da ba tari ba atishawa? Ke dai kin iya ƙunshe magana tun kina goye." Ta tambaya ko ina cin abinci, ko na gyara famfon kicin da ke ɗiga, ko har yanzu ni kaɗai ce a gidan kamar mai gadin maƙabarta. Na ce eh, a'a, eh.

Famfon yana nan yana ɗiga. Na sa kwano a ƙarƙashinsa, ƙarar ta ƙaru. Na sa tsumma.

Lahadi, biyu na rana

Ban fita ba. Na wanke kayan da na wanke jiya.

Litinin, takwas na safe

Ɗari shida da goma sha takwas.

Yau ranar kati. Na danna mariƙin, na tsaya ina kallon ruwan minti guda cur, kamar yadda littafi ya ce. Na sa hannu. Sa hannun bai yi kama da na sama ba.

A ƙasan ɗakin haɗi akwai layin fenti rawaya daga gindin tanki zuwa famfon. Ni na shafa shi da kaina wata Asabar. Duk farkon wata nakan ɗaure musu idanu da ƙyalle ɗaya bayan ɗaya, in ce su je famfon ba tare da an riƙe su ba, don wanda abu ya shiga idonsa ba gani yake yi ba. Taku goma sha huɗu ne. Suna ƙorafi, wai na mayar da dattawa 'yan wasan ɓuya. Baba Dogo ya fi kowa iyawa. Da tsayin nan nasa taku goma ya ishe shi, amma sai ya rage ƙafa ya yi sha huɗu daidai, wai kada ya ɓata min lissafi.

Babu wani kamfani a garin nan da ke wannan atisaye. Ni na ƙirƙiro shi, kuma na yi alfahari da shi har na gaji.

Talata, shida na yamma

Manaja ya ba ni daftarin rahoto in karanta in sa hannu kafin sufeton ma'aikatar ƙwadago ya zo. Shafi biyu ne. Ma'aikacin bai sa gilashin kariya ba. Ma'aikacin da abokinsa sun kasa amfani da famfon wanke ido yadda aka koya musu. Kayan kamfani duk lafiyarsu lau.

Na ce, "Ranka ya daɗe, in aka ce sakacinsa ne, me zai biyo baya?"

Ya ce, "Kin fi ni sanin doka. Za a sallame shi, kuma kamfani ba zai ɗauki nauyin jinyarsa ba. Ni ma ba daɗi nake ji ba, Malama, shekararsa ashirin da shida a nan. Amma gilashin a goshinsa aka same shi, ko ba haka ba?"

Haka ne. A goshinsu suke sa shi dukkansu, saboda da zarar ka leƙa tanki mai zafi gilashin ya yi hazo, ba ka ganin ko hannunka. Sau uku na rubuta a sayo wanda ba ya hazo. Ina da kwafin takardun a fayil, a jere, da kwanan wata. Ni dai wajen ajiye takarda ba a bar ni a baya ba.

Na ce zan karanta a nitse. Ya ce sufeto sai Alhamis ta sama, ina da lokaci, amma kada in mayar da shi littafin makaranta.

Laraba, sha biyu da rabi na rana

Mai Rediyo ya tare ni a bakin sito. Ba rediyo a aljihunsa, tun ranar ban ƙara jin sa ba.

Ya ce, "Malama, ni ban yi karatu ba, amma ban haukace ba. Ruwan nan bai zo ba."

Na ce ana bincike.

Ya ce, "Har matata ta fara tambayata ko na tabbata na danna. Jiya na tashi ina danna bango. Ke kin san injin nan, ki faɗa min, zai iya ɗaukewa ya dawo da kansa?"

Na ce ban sani ba. Ya ce, "To, Allah ya sani." Ba da faɗa ya faɗa ba. Da ma ya zage ni.

Alhamis, bakwai na safe

Ɗari shida da ashirin da ɗaya. Akwai wata sifana ta kwance noti a aljihun teburina na ƙasa, ƙarƙashin fayil. Kullum sai na buɗe na duba ko tana nan, kamar za ta gudu.

Juma'a, shida saura na yamma

Bari in rubuta, tunda littafin nan ba ya da baki.

Wata biyu da suka wuce, lokacin da zafi ya tsananta, ma'aikata suka mayar da famfon wanke ido wurin wanke fuska da kofin shayi. Banɗaki ya yi musu nisa, kuma ruwan famfon sanyi gare shi. Kullum ƙasa a jiƙe. Na yi faɗa, na manna sanarwa, na rubuta wa manaja a kafa musu wurin wanke hannu a kusa, ya ce sai shekara mai zuwa. Rannan wata mai shirya kwalabe ta zame a wurin ta faɗi zaune, Allah ya sa ba ta karye ba. Allo a lokacin ya haura ɗari biyar da hamsin. Abin da ya fara zuwa raina ke nan, allo, kafin ƙugun matar.

Makullin ruwan yana sama, cikin silin. Na ari sifana na hau tsani na rufe shi. Na ce kwana biyu kawai, su danna su ga babu, su daina, in buɗe. Suka daina kuwa. Ƙasa ta bushe, hankalina ya kwanta, na ce gobe, na ce jibi. Litinin ta zo ina sauri, na sa hannu a kati ban danna ba, tunda na san abin da zan gani. Litinin bakwai na yi haka.

Ranar Talata da aka tashi, na sake hawa na buɗe.

Shi ke nan. Na ɗauka in na rubuta zan ji sauƙi. Ga shi na rubuta, famfon kicin yana ta ɗiga.

Asabar, sha ɗaya na safe

Umma ta ce za ta zo ta kwana biyu. Na ce kada ta zo, aiki ya yi min yawa. Ta ce, "Auta, ko wani abu kika yi?" Na ce me zan yi. Ta ce, "Haka kike in kin fasa abu, sai ki yi ta shara."

Tsintsiya ce a hannuna lokacin. Na ajiye ta a hankali, kamar tana gani.

Lahadi, biyar na yamma

Yaran maƙwabta suna ƙwallo a bayan tagata. Na ji ina so wani ya buga min ƙofa, ko da kuskure ne.

Litinin, takwas da kwata na safe

Kati. Ruwa na zuwa. Ruwa na zuwa. Ruwa na zuwa.

Talata, bakwai saura na yamma

Na shiga wurin Baba Dogo yau.

Yana zaune a gado, an naɗe masa kai da bandeji har gadar hanci, ƙafafun nan sun zarce ƙarshen gadon. Matarsa ta jawo min kujera ta goge da gefen mayafinta, ta ce tunda na zo bari ta je karɓo magani. Ban yi magana ba tukuna ya ce, "Sa-hularka. Na san takunki, kamar mai bin wani da tara."

Na ce, "Baba, ya jiki?"

Ya ce, "Jiki da sauƙi. Yau dai ba ki ce in sa hula ba, ga shi sun sa min wadda ta fi taki."

Na yi dariyar da ba ta fito ba. Ya ce manaja ya zo shekaranjiya da takarda, yana tambayar ko ruwa ya zo. Na ce, "Me ka ce masa?"

"Na ce ban tuna ba."

Na ce, "Ba ka tuna ba, Baba?"

Ya juyo da kansa wajena daidai, kamar yana gani. Ya ce, "'Yata, wa ya riƙe miki tsani?"

Wallahi na manta. Duk sati biyun nan ina ta juya ranar a kaina, sifana, silin, ƙurar da ta zubo min a ka, ban taɓa tuna cewa akwai hannu a ƙasan tsanin ba. Shi ne ya zo wucewa ya ce, haba, mai hana hawa tsani ba mariƙi ga ta a sama ita kaɗai. Ya riƙe, har ya ce na yi daidai, yaran nan sun mayar da wurin rafi.

Na ce, "Ashe ka san a rufe yake."

Ya ce, "Kaina ya sani. Ƙafafuna ne ba su sani ba. Da abin ya same ni ban yi tunanin komai ba, sai ji na yi ina ƙirgawa, ɗaya, biyu, uku, har sha huɗu. Na sa fuskata a kwanon ina jira. Da a ce kaina na bi, da banɗaki na nufa tun farko." Ya ɗan yi murmushi. "Kin iya koyarwa, wannan kam ba mai ƙwace miki."

Ban san lokacin da na sauko daga kujerar ba. Ya laluba ya dafa kaina. Ya ce, "Tashi, kada ta dawo ta gan ki. Ba ta sani ba, kuma ba zan faɗa ba. Ni na gama nawa, saura shekara biyu dama in ajiye. Ke yanzu kika fara, ga mahaifiya kina riƙe da ita. Gilashin kuma ai da gaske a goshina yake."

Matarsa ta dawo ta ɓare min lemo, cikin wanda na kawo. Na ci.

Laraba, ɗaya na rana

Manaja ya aiko a karɓi rahoton. Na ce sai gobe. Ya kira ni a waya ya ce, "Malama, kin san ke wannan takardar ta fi karewa?" Na ce na sani, ranka ya daɗe.

To ya sani ke nan? Ko zato yake? Ban tambaya ba, shi ma bai ƙara ba.

Laraba, shida na yamma

An yafe min tun ban roƙa ba, kuma babu wanda zai taɓa sani. Mutum ɗaya ne shaida, ya ce bai tuna ba. Ya kamata in ji daɗi.

Na kwance famfon kicin da sifanar. Robar ciki ce ta cinye. Minti biyar ya ɗauke ni, wata huɗu yana ɗiga.

Gidan ya yi tsit, ya fi da muni.

Alhamis, bakwai na safe

Ɗari shida da ashirin da takwas. Na rataya, na shiga.

Alhamis, biyar da rabi na yamma

Sufeton ɗan tsamurmurin mutum ne mai furfura, da 'yar tocila a aljihun gaba. Bai karɓi shayin manaja ba. Ya zaga ɗakin haɗi, ya duba tiyon da ya fizge ya juya shi ya sake juyawa, ya ce za a tafi da shi, don shi ma bai gane dalili ba. Ya danna famfon, ruwa ya taso. Ya karanta kati. Ya ce, "Wace ce mai wannan sa hannun?"

Na ce ni ce. Na ce, "Yallaɓai, ina so in nuna maka wani abu. A kawo min tsani."

Manaja ya ce, "Malama." Sau ɗaya ya faɗa.

Mai Rediyo ne ya kawo tsanin, bai san na mene ne ba, ya riƙe min. Na hau na ture silin na juya makullin, na sauko. Na ce wa sufeto ya danna. Ya danna. Famfon ya yi ɗan tari ya yi shiru.

Na ce, "Haka yake ranar. Haka yake sati bakwai kafin ranar. Ni na rufe, ni na sa hannu, ni na buɗe bayan an tafi da shi asibiti." Na miƙa masa sifanar, ban san dalili ba, da kwafin takardun gilashi uku da ta wurin wanke hannu. Na jingina da tanki.

Sufeto ya ce, "Wani ya san da wannan?"

Na ce, "Ni kaɗai na hau."

Ya daɗe yana rubutu. Sannan ya ce in sake hawa in buɗe, kada a bar shi haka ko na minti ɗaya. Wannan karon ba wanda ya riƙe tsanin sai sufeton da kansa.

A baranda Mai Rediyo ya wuce ni, ya dawo. Ya ce, "Kwana goma sha shida kina kallona ana ce min maƙaryaci." Na ce haka ne. Ya jira ko zan ƙara wani abu. Sannan ya juya ya tafi.

Juma'a, tara na safe

An dakatar da ni har sai an gama. Na miƙa makullin ofis da hulata. Manaja bai ɗago ba.

A ƙofa mai gadi ya tsayar da ni. Ya ce, "Malama, ina kike ajiye sifilin nan? An ce in sa." Na nuna masa akwatin lambobin. Ya rataya shi a karkace, na gyara masa.

Asabar, huɗu na yamma

Na faɗa wa Umma duka. Ta ce, "Ina zuwa gobe." Na ce to.

Talata, sha biyu na rana

Umma tana kicin tana sake jera min kwanuka yadda ba zan gane ba. Ba ta yi min faɗa ba, ba ta kuma ce ba laifina ba ne.

An kwance wa Baba Dogo bandejin jiya, mai gadi ne ya kira ya faɗa min. Na hagu ya tafi. Na dama yana ganin haske da inuwa, likita ya ce wataƙila ya ƙaru, wataƙila a'a. Kamfani zai ɗauki jinyar, sufeto ya rubuta. Mai gadin ya ce an ce in da ruwa ya zo a daƙiƙa goman farko... ban bari ya ƙarasa ba.

Juma'a, shida na yamma

An sallami Baba Dogo daga asibiti, na je gidansa. Ban kai lemo ba.

Matarsa ce ta buɗe. Ta dube ni daga sama har ƙasa. Na gaishe ta, ta amsa a taƙaice, ta koma kan wankinta ta bar ni tsaye a tsakar gida. Ba kujera yau, kuma daidai ne.

Yana zaune a ƙofar ɗaki da baƙin gilashi. Ya ce, "Sa-hularka. Na ce ki yi shiru, kin ƙi. Ke dai ba kya jin magana, sai dai a ji taki."

Na ce, "Baba, ka yi haƙuri."

Ya ce, "Na ji. Zo ki yi min aiki. Tsohuwar nan ta mayar da ni akuya, duk inda zan je sai ta ja ni. Ƙirga min daga nan zuwa famfo."

Famfon yana can gefen katanga, kusa da inda take wanki. Na taka na ƙirga da irin ƙafarsa. Na ce goma sha ɗaya, akwai ɗan tudu a na bakwai. Ya miƙe. Na kai hannu zan riƙe shi, ya ce, "Yaushe kika fara riƙe mutane?" Na janye.

Ya tafi yana ƙirgawa a fili, ya ɗaga ƙafa a na bakwai. Matarsa ta daina wankin, kumfa na zuba daga hannunta. A na goma sha ɗaya ya tsaya, hannunsa a sama bai taɓa famfon ba.

Ya ce, "Akwai ruwa?"

Na buɗe baki zan ce eh, don ga bokitinta cike a gabana. Sai na rufe. Na je na murɗa kan famfon, na tara hannuna a ƙarƙashi har ya jiƙa min hannun riga.

Na ce, "Akwai, Baba."

Ya ce, "Kin taɓa?"

Na ce, "Na taɓa."

Sannan ya sunkuya ya wanke fuskarsa.